Suna Ɗaya, Mabuɗai Iri-Iri: Matsalar Ƙara Sabon Mabuɗi a Lambobin Shaida Masu Zaman Kansu

 Kan maganar da aka ba ni yana da kama da abin da bai shafi kowa ba sai masu rubuta manhajar kwamfuta. Amma ina fatan kafin mu tashi za a ga cewa ya shafi ɗalibin da zai karɓi takardar shaidar digiri, ya kuma shafi babban sakataren da zai sa hannu a kan kwangilar sayen na'urorin da za su buga wa takardar hatimi.

Bari in fara da abin da ya faru a Estoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a bakin tekun Baltik, mai mutane kimanin miliyan 1.3. Katin shaidar ɗan ƙasa a can yana ɗauke da ƙwayar lantarki, a cikin ƙwayar kuwa akwai mabuɗin lissafi wanda da shi ne mutum ke shiga asusunsa na banki, ya sa hannu a kan yarjejeniya, har ya jefa ƙuri'a daga gida. A shekarar 2017 wasu masu bincike na Jami'ar Masaryk da ke birnin Brno a ƙasar Cek suka gano cewa hanyar da ƙwayoyin kamfanin Infineon ke bi wajen ƙirƙiro mabuɗi irin na RSA tana da aibi, har mai wadatar kwamfutoci yana iya gano mabuɗin sirrin mutum daga wanda aka bayyana wa duniya. Katuna wajen 760,000 abin ya shafa, watau fiye da rabin al'ummar ƙasar. A farkon watan Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta dakatar da aikin mabuɗan katunan. Abin da ya hana wannan lamari zama bala'i shi ne, ƙwayar da ke cikin katin ta iya wani lissafin dabam wanda aibin bai taɓa ba, saboda haka aka umarci jama'a su sabunta katunansu ta intanet ko a ofisoshin 'yan sanda, katin ya haifi sabon mabuɗi na wani iri. Sunan mutum bai sake ba, lambarsa ba ta sake ba, mabuɗi kaɗai aka sauya. Katin Estoniya na gwamnati ne, ba irin lambar da za mu tattauna a kanta ba ce, amma darasinsa shi ne ginshiƙin wannan lacca.

Mabuɗi mai tagwaye

Tun zamanin da sarakunanmu ke aika wasiƙa da hatimi a kanta, matsalar guda ce: yaya wanda aka aika wa zai tabbata daga wurin mai hatimin ta fito? Hatimin ƙarfe ana iya sace shi, ana kuma iya sassaƙa irinsa, domin duk wanda ya ga tambarinsa ya ga siffarsa. A shekarar 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford a Amurka suka kawo shawarar a yi mabuɗi mai tagwaye, ɗaya na sirri wanda mai shi ke ɓoyewa, ɗaya na fili wanda ake bai wa kowa. Da na sirri ake buga hatimi, da na fili ake tantance shi, kuma ganin na fili ba ya kai mutum ga na sirri. A 1977 Ronald Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na makarantar MIT suka fito da hanyar aikata wannan, aka sa mata haruffan farko na sunayensu, RSA. Wani Bature ma'aikacin hukumar leƙen asirin Ingila, Clifford Cocks, ya riga su gano kusan wannan hanya tun 1973, amma aikin gwamnati ya rufe masa baki, ba a bayyana ba sai 1997. Ma'aikatan da ke cikin wannan ɗaki sun san irin wannan haƙuri.

Asirin RSA ba shi da wuyar faɗa. Idan na ce ku ninka 61 sau 53, ɗan firamare zai ba ku 3,233. Idan kuwa na ba ku 3,233 na ce ku nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai kun yi ta gwaji. Yanzu ku ƙaddara lambar tana da alƙaluma 617, wanda shi ne tsawon mabuɗin RSA mai bit 2,048 da aka fi amfani da shi. Ninkawa kwamfuta za ta yi kafin ƙiftawar ido, warwarewa kuwa ta gagari dukkan kwamfutocin da ake da su. Sai dai iyakar abin da ake iya warwarewa kullum matsawa take yi: an fasa lamba mai bit 768 a 2009, an fasa mai bit 829 a 2020. A 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa ana iya gina irin wannan tagwayen mabuɗi a kan lissafin wasu lanƙwasassun layuka, a sami ƙarfi daidai da na RSA ko fiye, da mabuɗi ɗan guntu. Wannan shi ne lissafin da ya ceci Estoniya.

Mece ce lambar shaida mai zaman kanta?

Lambar ɗan ƙasa ta Nijeriya, mai alƙaluma 11, hukumar NIMC ce ke bayar da ita, a rumbunta kuma ake tabbatar da ita. Haka lambar ɗalibi take a hannun magatakardan jami'a. Irin waɗannan lambobi suna da cibiya, idan cibiyar ta rufe ko layinta ya katse, lambar ta zama bebiya. Lambar shaida mai zaman kanta, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan DID, an tsara ta ne domin mai ita ya iya ƙirƙiro ta da kansa, ya kuma tabbatar da cewa tasa ce ta hanyar mabuɗi, ba tare da wani ofishi ya tsaya masa ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ita ce ta tabbatar da ƙa'idarta ranar 19 ga Yuli, 2022.

Lambar tana da gaɓa uku: kalmar did, sa'an nan sunan hanyar da aka bi aka yi ta, sa'an nan lambar kanta. Duk wanda ya riƙe ta yana iya nemo wata 'yar takardar bayani da ke rataye da ita, wadda ke cewa ga mabuɗan fili na mai wannan lamba, ga kuma aikin da aka yarje wa kowanne: wannan na shiga ne, wannan na buga hatimi a kan takardun shaida, wancan na ƙulla zancen sirri. A hanyar da ake kira did:web, jami'a tana iya ajiye takardar a shafinta na intanet. A wasu hanyoyin ana rubuta ta a kundin da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa. A hanyar did:key kuwa babu inda ake ajiye komai, domin mabuɗin fili shi ne lambar.

Ya kamata in faɗa cewa ba kowa ya yi na'am da wannan ƙa'ida ba. Kamfanin Google da gidauniyar Mozilla sun shigar da ƙorafi a rubuce kafin a tabbatar da ita, babbar hujjarsu kuwa ita ce hanyoyin sun yi yawa, sun haura ɗari, babu kuma abin da ya tilasta wa wata manhaja ta fahimci lambar da wata ta yi. An saurare su, an wuce da ƙa'idar. A ganina ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma matsalar mabuɗai reshe ce daga cikinsa.

Dalilin yawan mabuɗai

Mai tambaya zai ce, me ya hana a zaɓi mabuɗi guda mafi kyau kowa ya bi? Amsa ita ce, mutanen da suka taru suka gina wannan tsari daga gidaje dabam-dabam suka fito, kowa kuma da abin da ya gada. Waɗanda suka zo daga harkar kuɗin Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, sun zo da lanƙwasar da ake kira secp256k1, kuma miliyoyin mutane sun riga sun mallaki mabuɗai irinta. Bankuna da gwamnatoci sun zo da RSA da kuma lanƙwasar P-256 wadda hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta amince da ita, domin dokokinsu ba su yarda da wanin abin da aka amince da shi ba, kuma na'urorin da suka saya da tsada wannan suka iya. Akwai wani ɗan ɗaki na musamman a cikin wayar iPhone inda mabuɗi ke zama ba ya fita, kuma daga cikin lanƙwasoshin nan P-256 kaɗai ya sani. Rukuni na uku kuwa su ne masana da ba su sake jiki da NIST ba, musamman bayan abin da Edward Snowden ya fallasa a 2013, wanda ya sa hukumar ta janye wata hanyarta ta zaɓo lambobin ƙuri'a a 2014. Waɗannan sun fi son Ed25519, wadda Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka fitar a 2011, wadda NIST ba ta shigar da ita cikin ƙa'idarta ta sa hannu ba sai a 2023.

Saboda haka mai rubuta manhajar tantance shaida ba shi da zaɓi. Idan ya ce Ed25519 kaɗai ya sani, ya kori mai riƙe da mabuɗi a cikin ƙwayar waya ko kati, alhali kuwa wannan mabuɗin ya fi kowanne wuyar sata. Idan ya ce P-256 kaɗai, ya kori mutanen Bitcoin. Dandalin Bluesky, wanda kowane mai asusu a cikinsa yana da lambar DID ko ya sani ko bai sani ba, ya warware nasa ta hanyar karɓar iri biyu, secp256k1 da P-256, ya tsaya a nan. Ina ganin tsayawar ta fi karɓar muhimmanci, zan kuwa faɗi dalili.

Abin da ƙarin mabuɗi ya ƙunsa

Mabuɗi a cikin kwamfuta jerin lambobi ne kawai, ba shi da fuska. Mabuɗin fili na secp256k1 idan an matse shi bait 33 ne, na P-256 shi ma bait 33 ne. Idan aka ajiye su gefe da gefe babu masanin da zai rantse wannan na wane ne. Dole ke nan a rataya wa kowanne alamar da za ta faɗi irinsa, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida a kunne. A hanyar did:key ana sa wata 'yar lamba a gaban mabuɗin kafin a mayar da shi haruffa, shi ya sa lambar da aka gina a kan Ed25519 kullum take farawa da z6Mk, ta secp256k1 da zQ3s, ta P-256 kuwa da zDn. Harafin z na farko yana nuna an yi rubutun ne da baƙaƙe 58, waɗanda aka cire sifiri da babban O da babban I da ƙaramin l daga cikinsu don kada mai kwafewa da hannu ya rikice.

Wannan alama ba a daidaita a kanta da wuri ba. Shekaru da dama kowane irin mabuɗi yana da nasa suna a cikin takardar bayani, har da shekara a jikin sunan, ta yadda mabuɗin Ed25519 guda ɗaya ana iya samunsa da sunan 2018 a wata takarda, da sunan 2020 a wata, a ta uku kuma an rubuta shi da wani salo dabam da ake kira JWK. Mabuɗi ɗaya, riga uku, manhajar da ta san riga ɗaya sai ta ce ba ta san mutumin ba. Sai a watan Mayu na 2025 W3C ta tabbatar da ƙa'idar da ta tattara su zuwa salo biyu, Multikey da JsonWebKey. Amma takardun da aka rubuta kafin nan suna nan, dole manhaja ta ci gaba da karanta su.

Bayan suna sai siffar hatimin kansa. Hatimin da aka buga da lanƙwasa lambobi biyu ne a haɗe. Wasu manhajoji suna jera su kai tsaye su ba da bait 64, wasu kuma suna naɗe su cikin wani tsohon salo da tsawonsa ke ɗan motsawa. Lissafi daidai, mabuɗi daidai, amma a ƙi hatimin saboda naɗi. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki: a hanyar ECDSA, wadda ita ce ake buga hatimi da ita a kan secp256k1 da P-256, kowane hatimi ingantacce yana da ɗan'uwa ingantacce wanda kowa ke iya fitarwa ba tare da mabuɗin sirri ba. Idan tsarinka yana ƙidaya takardu bisa ga hatiminsu, to takarda guda za ta iya shigo maka sau biyu. Bluesky ya ce ƙaramin daga cikin biyun kaɗai zai karɓa. Wata manhajar ba ta damu ba. Sai ka ga takarda ta wuce a wannan ofishi, an ƙi ta a wancan, kowa kuma yana bin ƙa'ida.

Har ila yau kowane iri yana da nasa ramin. ECDSA tana bukatar sabuwar lambar ƙuri'a duk lokacin da za a buga hatimi, idan aka maimaita lamba ɗaya sau biyu, mabuɗin sirri ya fito fili da lissafin da bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na jami'a ba. Haka aka gano mabuɗin na'urar wasa ta PlayStation 3 a 2010. Ed25519 ta toshe wannan rami domin daga saƙon da mabuɗin take fitar da lambar, ba ta dogara da ƙuri'a ba. Sai dai ita kuma hatimi kawai take bugawa, ba ta ƙulla zancen sirri, sai an juya mabuɗinta zuwa 'yar'uwarta X25519, wadda ita ma bait 32 ce. Ga wata hanyar rikicewa kuma.

Yanzu na zo kan abin da na fi so ɗalibanmu su riƙe. Da zarar manhaja ta iya lissafi fiye da ɗaya, sai tambaya ta taso: wa ke gaya mata wanne za ta yi amfani da shi? A 2015 wani mai bincike, Tim McLean, ya nuna cewa manhajoji da yawa masu tantance takardun shiga irin na JWT suna karanta amsar wannan tambaya daga jikin takardar da aka miƙo musu. Ɓarawo sai ya rubuta a kan takardarsa cewa wannan ba ta bukatar hatimi, manhaja ta ce to, ta buɗe masa. Ko kuwa ya ce a tantance ta da wata hanyar da ake amfani da kalmar sirri guda tsakanin mutum biyu, manhaja ta ɗauki mabuɗin fili na RSA, wanda duniya duka ta sani, ta mai da shi kalmar sirrin. Wannan daidai yake da mai gadi ya tambayi baƙo da wace hanya yake so a bincike shi. Babu lissafin da aka fasa a nan, kowanne yana nan da ƙarfinsa, haɗuwarsu a ɗaki ɗaya ce ta haifi ɓarakar. Maganin kuwa shi ne irin mabuɗin da ke cikin takardar bayanin mai lamba shi zai yanke hukuncin lissafin da za a yi, kuma mabuɗin da aka ce na shiga ne kada a karɓi hatiminsa a kan takardar digiri. Duk irin da aka ƙara yana ninka yawan haɗuwar da dole a gwada, shi ya sa na yaba wa wanda ya tsaya a kan biyu. Kamfanin da ya zo ma'aikatarku yana alfaharin manhajarsa ta san mabuɗai goma sha biyu, ku tambaye shi ta yaya ake kashe goma daga ciki.

Baƙon da ke tafe

Da a ce iyakar abin ke nan, da sai mu ce a zaɓi biyu ko uku a rufe ƙofa. Amma a 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai girma, idan aka gina ta, za ta fasa RSA da dukkan lanƙwasoshin da na ambata. Har yanzu ba a gina mai wannan girma ba. Duk da haka a watan Agusta na 2024 NIST ta fitar da ƙa'idoji uku na sababbin mabuɗai da aka gina a kan wani lissafi dabam, a cikin wani daftari na Nuwamban wannan shekara kuma ta kawo shawarar a daina amfani da tsofaffin bayan 2035. Ɗalibin da ya karɓi digiri a bana, takardarsa za ta yi masa aiki shekara talatin ko arba'in, watau za ta daɗe fiye da mabuɗin da aka buga mata hatimi da shi.

Sababbin mabuɗan suna da nauyi. Mabuɗin fili na Ed25519 bait 32 ne, hatiminsa 64. Mafi ƙanƙanta a cikin sabon irin da ake kira ML-DSA yana da mabuɗin fili mai bait 1,312 da hatimi mai bait 2,420. Hoton nan mai ɗigo-ɗigo na QR da ake bugawa a kan takardu, mafi girmansa ba ya ɗaukar fiye da bait 2,953, saboda haka hatimin kaɗai ya kusa cinye wurin, ɗan wuri kaɗan ya bar wa sunan ɗalibi da darajar digirinsa. Manhajar da aka rubuta bisa zaton mabuɗi ba ya wuce bait 65, rumbun da aka yanka wa gurbi daidai wannan tsawo, duk sai an koma kansu.

A nan ne bambancin hanyoyin DID ke bayyana. Lambar did:key ba ta iya sauya mabuɗi, tun da mabuɗin shi ne lambar, ranar da ya mutu ta mutu. Tana da kyau ga hulɗar kwana ɗaya, amma jami'ar da ta buga digiri da ita ta ɗaure kanta. Hanyar da ta raba lamba da mabuɗi ita ce ke ba da damar yin abin da Estoniya ta yi: a ƙara sabon iri cikin takardar bayani tun tsohon yana da rai, a yi zamani ana buga hatimi biyu a kan kowace takarda, daga baya a sauke tsohon. Sai dai sauke shi yana haifar da wata tambayar, domin takardun da aka buga da shi a shekarun baya suna hannun mutane. Idan an share tsohon mabuɗi daga takardar bayani, digirin gaskiya ya zama ba shi da mai shaida. Idan an bar shi bayan an fasa shi, mai jabu zai buga sabon digiri ya sa masa kwanan watan shekara goma da suka wuce. Dole ke nan a ajiye tarihin takardar bayanin, wane mabuɗi ne ya yi aiki daga wace rana zuwa wace rana, a kuma sami rajistar da ke nuna cewa wannan takarda ta wanzu kafin ranar da aka sauke mabuɗin, ko kuwa a kira masu tsofaffin takardu a sake buga musu hatimi tun kafin ranar ta zo. Hanyar did:web a yadda aka fara tsara ta ba ta ajiye wannan tarihi, abin da ke shafin a yau shi kaɗai take nunawa. Jami'ar da ta zaɓe ta sai ta riƙe rajistar da kanta, ta kuma sa a cikin kasafinta wanda zai kula da ita bayan waɗanda suka kafa tsarin sun yi ritaya.